Ƙwayoyin ƙara kuzari sun iso filayen wasan yaranmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da shafukan wasanni suke kawowa kamar labarin manyan 'yan wasan ƙasashen waje ne kawai, alhali kuwa ya daɗe da shigowa unguwanninmu. Ina nufin shan ƙwayoyi da yin allurai domin ƙara ƙarfi da juriya a fagen wasa. A nan Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase da Sabon Zango, da wuya ka rasa ƙungiyar ƙwallon yara ko wurin ɗaga ƙarfe, kuma a cikin samarin da ke zuwa waɗannan wurare akwai waɗanda suka mai da tiramadol abin haɗiya kafin shiga fili, akwai kuma masu karɓar allurar kumbura damtse daga hannun wanda bai taɓa karatun magani ba.

Manyan 'yan wasa suna da masu sa musu ido. An ƙwace lambar zinariya daga hannun Ben Johnson na Kanada a gasar Olamfik ta 1988, an kori Maradona daga gasar cin kofin duniya ta 1994 saboda abin da aka gani a fitsarinsa bayan wasan Ajantina da Najeriya, kuma tun 1999 akwai hukumar WADA da ke fitar da jerin haramtattun magunguna kowace shekara. Shi kuwa yaron da ke buga ƙwallo a filin ƙasa na bayan makaranta, babu mai gwada fitsarinsa, babu likitan da ke duba zuciyarsa, babu ma wanda ya san yawan abin da ya haɗiya. Saboda haka nake ganin haɗarin ya fi tsanani a wurinmu, ba a can ba.

Allurai da ƙwayoyin gina tsoka, waɗanda ake kira sitiroyid, kwaikwayon sinadarin mazakuta ne da jiki yake samarwa da kansa. Idan aka cika jiki da na waje sai ya rage yin nasa, maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, har saurayin da mutane ke sha'awar faɗin ƙirjinsa ya yi aure ya sha wahalar samun haihuwa. Suna hawar da jini, suna ƙara wa tsokar zuciya kauri, na haɗiya kuma suna cutar da hanta. Mace muryarta takan yi kauri, gashi ya fito mata a fuska, kuma muryar ba lallai ta koma daidai ba ko da ta daina. Yaron da bai gama girma ba kuwa suna iya tsayar masa da tsawo tun da wuri, domin suna sa ƙasusuwa su rufe kafin lokacinsu. Ga kuma allura ɗaya da abokai ke yi wa juna da ita, wadda hanya ce ta yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau.

Tiramadol shi ne ya fi tayar mini da hankali, domin shi ne mai araha kuma mai sauƙin samu. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana ta amince ne da mai nauyin miligiram 50 da 100, bisa takardar likita, amma an sha kama mai 225 a kasuwannin ƙasar nan. Wannan ƙwaya ba ta ƙara wa kowa ƙarfi, ciwo kawai take ɓoyewa, shi kuwa ciwo gargaɗi ne da jiki ke yi wa mai shi. Yaron da ya gurɗe a gwiwa ya sha ya koma fili, sai ƙaramin rauni ya zama wanda zai raba shi da ƙwallo har abada. Idan ta yi yawa tana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, tana danne numfashi, kuma wanda ya fara ta don wasa yakan wayi gari ba ya iya tashi daga shimfiɗa sai da ita. Tun watan Janairun 2024 WADA ta haramta ta a lokacin gasa.

Wasu samari sukan ce jikinsu ne, ba su cuci kowa ba. Ina tuna musu da Sunday Bada. A gasar Olamfik ta shekarar 2000 a Sidni, shi da abokansa uku na Najeriya sun zo na biyu a tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu, Amurka ta zo ta ɗaya. A 2008 ɗaya daga cikin 'yan Amurkan, Antonio Pettigrew, ya amsa cewa yana amfani da haramtattun magunguna, amma ba a tabbatar wa Najeriya da zinariyar ba sai a 2012, shi kuwa Bada ya riga ya rasu a watan Disambar 2011. Duk wanda ya yi nasara da ƙwaya akwai wanda ya danne wa haƙƙi, ko da a gasar unguwa ce da kyautarta ba ta wuce rigunan wasa ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, kuma a cikin Suratul Baƙara Allah ya hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu.

Duk da haka ba yaran nake ɗora wa mafi girman laifi ba. Yaro ɗan shekara 15 da ke kallon Mohammed Kudus, wanda ya taso daga Nima har ya kai ga buga wasa a Ingila, yana ganin ƙwallo ce hanyar da zai fitar da mahaifiyarsa daga talauci, kuma duk abin da kocinsa ya miƙo masa zai haɗiya ba tare da tambaya ba. Haka aka yi wa 'yan mata a tsohuwar Jamus ta Gabas, inda aka riƙa ba su sitiroyid ana ce musu bitamin ne. Babban da ya ba ɗan wani ƙwaya don ƙungiyarsa ta ci kofi ya ci amanar iyayen da suka damƙa masa shi, kuma ya lalata masa abin da yake nema, domin a matakin ƙwararru ɗan wasa ne ke ɗaukar alhakin duk abin da aka samu a jikinsa. André Onana na Kamaru ya ce maganin matarsa ya sha bisa kuskure, hukuma ta yarda ba da gangan ba ne, amma sai da ya yi wata 9 ba ya wasa a 2021.

Ina kira ga limamanmu su saka wannan magana a cikin huɗubar Juma'a, ga sarakunan zango su tara masu horar da yara da masu wuraren ɗaga ƙarfe su ja musu kunne, ga hukumar magunguna kuma ta tsananta bincike a kan masu kemis da masu tallar magani da ke sayar da tiramadol ba takardar likita. Iyaye ma su riƙa tambayar abin da ake ba 'ya'yansu a wurin atisaye. Kai kuma, Edita, ina roƙon ka tura wakilinka ya zauna da likitoci a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, ya kawo mana bayaninsu da Hausa, domin yawancin gargaɗin da ake yi a kan waɗannan ƙwayoyi da Turanci ake rubuta shi, iyaye da yawa kuma ba sa karanta shi.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Aboabo, Kumasi.