Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiyarmu ta Fataken Kifi

Assalamu alaikum. Iyayenmu dattawa, 'yan uwa maza da mata, ga bayanin abin da kwamiti ya gudanar a bana.

Adashe ya zagaya lafiya, kowa ya kwashi nasa. An gyara rumfar ajiyar banda, an kuma kai gudummawar biki da ta'aziyya kamar yadda aka saba. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji ga mai son dubawa.

Babban abin da ya same mu shi ne hatsarin da ya rutsa da 'yan uwanmu a hanyar dawowa daga kasuwar Warrah ta jihar Kebbi, inda jirgin ruwan ya daki kututture ya fara shan ruwa. Duk mai bin tafkin Kainji ya san waɗannan kututtura: itatuwan da ruwa ya shanye ne tun da aka kammala dam a 1968, kuma idan ruwa ya ja baya suna nan daf da sama, ido ba ya ganinsu. Kaya sun tafi, amma Alhamdulillahi ba a rasa rai ba.

Bayan ikon Allah, Sarkawa masunta ne suka cece su. Suna cikin su suka ji ihu, suka bar tarunsu a ruwa, suka garzayo da ƙananan kwale-kwale suna tsamo mutane, mata da yara tukuna. Taru kuwa jarin masunci ne, ba abin da ake bari a banza ba. Matan ƙauyen da ke gaɓa suka hura wuta, suka fito da zannuwansu, suka dama kunu. Da muka koma da ɗan goro, mai gari ya ce a mayar, sai da dattawa suka sa baki ya karɓa. Muna kuma godiya ga jami'an agajin gaggawa da ma'aikatan asibiti da suka duba waɗanda suka sha ruwa har cikin dare. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Ba mu manta da watan Mayun 2021 ba, lokacin da jirgin da ya taso daga jihar Neja ya kife kusa da Warrah, mutane da dama suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Saboda haka kwamiti ya sayi rigunan ruwa masu hana nutsewa daga asusun ƙungiya, ya kuma zauna da Sarkin Ruwa da matuƙa kan yawan lodi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, ta hana tafiyar dare, ta wajabta sa rigar. Mu ma mun ɗauki wannan a matsayin dokarmu. Masu cewa rigar tana da zafi, a yi haƙuri a sa.

Rigunan ba su isa kowa ba tukuna. Waɗanda ake bi kuɗin wata su taimaka su biya kafin zama na gaba, da su za a ƙaro sauran.

Magatakarda, a madadin kwamiti