Mu Riƙa Yanka wa Aiki Lokaci

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili domin in ja hankalin matasanmu na Kumasi, musamman teloli da masu aikin kwamfuta a Aboabo da Asawase, kan dabarar Pomodoro, wadda ɗan Italiya Francesco Cirillo ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980.

Mutum zai zaɓi aiki guda, ya saita agogo minti 25, ya kife wayarsa, kada ya leƙa WhatsApp sai ƙararrawa ta buga, sannan ya huta minti 5. Bayan zagaye huɗu kuma ya yi dogon hutu. Amfaninta shi ne, zuciya tana jure wahalar da ta san ƙarshenta na kusa. Telan da ke ɗinkin wuyan riga, in wata buƙata ta faɗo masa a rai, sai ya rubuta ta ya ci gaba da taka keke.

Ɗan kasuwar Kejetia ba zai bar mai saye tsaye saboda agogo ba, don haka a ganina ya keɓe dabarar ga lissafin safe. Iyayen gida kuma, don Allah, su daina aiken yaran shago a tsakiyar zagaye.

Naka,
Mai karatu daga Aboabo, Kumasi