Toka a goshi, waya a hannu

Sakkwato,
14 ga Afrilu, 2025.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da madam da yara, kamar yadda muke nan lafiya, sai godiyar Ubangiji. Yaya sanyin Ingila? Ko da yake ban ga dalilin tausaya maka ba. Mu nan zafi ya kai intaha, kafin azahar ma'auni ya haura 40, da dare kowa ya fito da tabarma tsakar gida yana jiran iskar da ba ta zuwa. Wutar lantarki kuwa ka san halinta, ba sai na ɓata takarda ba.

Saƙon muryarka na saurare shi har sau biyu. Ka ce in rage ɗaukar kayan mutane a ka, in koyi cewa a'a, in kula da kaina, don ranar da na faɗi ba mai ɗaga ni. Na so in mayar maka da murya, sai na tuna halinmu a teburin mai shayin nan na Mabera, kowa na jiran ɗan'uwansa ya ja numfashi ya cafke maganar. Shi ya sa na zauna na rubuta, ka karanta ba tare da ka katse ni ba.

Bari in fara da abin kunyata. Larabar Toka ta bana, 5 ga Maris, ranar da azuminmu na Kiristoci ke farawa, na je Misar safe. Fada ya dangwalo toka ya zana mini gicciye a goshi, yana tuna mini cewa ni turɓaya ne, kuma ga turɓaya zan koma. Kafin in isa inda na jingine babur na riga na ɗauki hoto uku. Na zaɓi wanda gicciyen ya fi fitowa raɗau na ɗora a WhatsApp, daga nan har la'asar ina leƙawa in ga mutum nawa suka buɗe. Ka kuwa san bisharar da ake karantawa a wannan rana, Matiyu sura 6: in za ka yi azumi ka shafa mai a ka, ka wanke fuskarka, kada mutane su gane, in za ka ba da sadaka kada hagunka ta san abin da damanka take yi. Da kunnena na ji, na amsa da amin, na fito na shiga tallar tokata. Uwargida ta duba wayarta ta dube ni ta ce, "Baban yara, turɓayar nan taka ta samu 'yan kallo kuwa." Ban sami abin cewa ba.

Bana azuminmu da na maƙwabta sun haɗu, su sun ɗauka ranar 1 ga Maris, mu muka bi bayansu da kwana huɗu. Alhajin da muke katanga ɗaya ya tambaye ni yadda namu yake. Na yi masa bayani dalla-dalla: kwana 46 ne daga Larabar Toka zuwa jajiberin Ista, a cire Lahadi shida saura 40, ba ma cin nama ran Juma'a, a Larabar Toka da Juma'ar mutuwar Yesu cikakken abinci sau ɗaya ake ci, sauran kuma kowa ya zaɓi abin da zai bari. Na ce ni sukari na bari. Dattijon nan ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Wanga azumi naku da ruwa da abinci, ai ko ɗiyana ƙanana sun iya shi." Duk da haka kullum da magariba sai ga yaro da kwanon kunu da ƙosai, har aka yi Salla. Kunun da sukari, na kuwa sha, kada ka tambaye ni.

Wanda ya fi ba ni kunya ma ɗan ga-ruwan unguwarmu ne. Da tsakar rana zai turo kura cike da jarkoki, leɓɓansa sun tsattsage, ya juye mana ruwa a randa, ruwan na fantsamo masa a hannu, ɗigo ɗaya bai kai baki ba. Bai ɗauki hoton komai ba.

Garin nan ai ba baƙo ba ne ga wannan magana. Tun muna firamare ake ba mu labarin Shehu Usmanu, mutumin da ƙasashe suka dawo hannunsa amma ana cewa igiya yake tufkawa a sayar ya ci abinci. Ƙanensa Abdullahi kuwa a 1807 ya bar rundunar ya nufi gabas, don ya ga an fara komawa neman mulki da dawaki da manyan riguna, sai a Kano aka tsayar da shi. Su suna kiransa zuhudu, ko gudun duniya. Namu ba daidai yake da nasu ba, na sani. A wurinmu barin abin ba shi ne ƙarshen zance ba, maganar Yesu ta cewa mutum ya ƙi kansa ya ɗauki gicciyensa da "ya bi ni" ta ƙare, wato akwai wanda ake bi a baya, kuma inda ya nufa can za a je. Amma in na ji ana wa'azin ƙin kai kamar wani abu da mu kaɗai muka sani, sai in tuna mai ruwan nan in yi shiru.

Ka ce zamanin nan na kowa tasa ta fisshe shi ne, kuma ka ga hakan da idonka a can. Ban musa ba, amma kada mu ɗora wa Turawa duka. Son kai ɗan gida ne, waya dai ta saya masa madubi. Je ka biki ka gani: anko kala uku, liƙi a gaban mai ɗaukar bidiyo, wanda ba shi da kuɗin haya ya ci bashi don kada a raina shi. Ka shigo coci kuma. Ranar godiyar kaka ana kiran suna da adadin kuɗi a lasifika, wanda ya ba da dubu ɗari a tafa masa, tsohuwar da ta kawo kwanon gero ta ajiye ta koma kujerar baya. Ka saurari addu'o'in da ake yi a wasu tarurrukan dare: buɗina, ɗaukakata, maƙiyana su ga ta kansu. Masu wa'azin shuka iri sun mayar da bayarwa kasuwanci, ka ba Allah goma ya mayar maka da ɗari. To wanda ya bayar don a ninka masa, me ya ƙi? Jari ya zuba. Son kan nan dai ne, an yi masa baftisma an sa masa farar riga.

Akwai kuma wata dabara da muke yi mu Kiristocin Arewa, ban cire kaina ba. Da an ambaci gicciye sai hankalinmu ya tafi ga babban abu. Mu tuna Michael Nnadi, ɗan dayosis ɗinmu mai shekara 18, da aka sace daga makarantar horon fada-fada ta Kakau a Kaduna a watan Janairun 2020 aka kashe shi. Mu tuna watan Mayun 2022 da aka kashe ɗaliba Deborah Samuel a nan Sakkwato, wanda tun daga lokacin kake ce mini in kwashe iyali in bar garin nan. Waɗannan gaskiya ne, kuma ba wanda zai raina su. Sai dai da yake babban gicciyen bai zo ƙofata ba, sai na ɗauka ba a bina komai tukuna, ina zaman jiran ranar jarumta. Matiyu da Markus da Luka duk sun kawo maganar nan ta cewa mai son bin Yesu ya ƙi kansa ya ɗauki gicciyensa, amma Luka ne kaɗai, a sura 9 aya 23, ya ƙara da "kowace rana". Ba a kashe mutum kowace rana. Ashe akwai wani iri da ake ɗauka da safe, a ajiye da dare, gobe a sake.

Nawa yana ɗakin da ke kusa da namu. Ka san Inna, surukata, ta samu shanyewar ɓarin jiki tun kafin Kirsimeti, muka ɗauko ta daga ƙauye. Ina nan ina fama da shayi ba sukari, ina jin kaina wani waliyyi, alhali uwargida na tashi sau uku a dare ta juya ta, ta canza mata shimfiɗa, da asuba ta ɗora tukunya, ta tafi aiki. A mako na biyu na azumi ne na farga, na ce ta bar mini daren Talata da na Juma'a da na Asabar.

Aikin kansa bai kai yadda nake tsoro ba, mutum yakan saba da wari da nauyi. Ran nan na zauna yanke mata farce. Ƙafar ta kumbura, fatar ta yi sheƙi kamar leda, faratan sun yi kauri sun lanƙwashe, sai da na jiƙa su cikin ruwan ɗumi da gishiri kafin abin yankan ya kama. Ina durƙushe gumi na ɗiga cikin roba, ita kuma tana kirana da sunan ɗanta da ya rasu shekaru da yawa. Na gama, na shafa mata man kaɗanya, na ɗago ina jiran ko da "Allah ya yi albarka". Sai ta dube ni ta ce wa uwargida a bincike aljihuna, kuɗin goronta da ke ƙarƙashin matashi sun ɓace.

Aminina, ranar na san inda kan nawa yake zaune. Ba a ciki yake ba, ba kuma a barci ba. Na fita tsakar gida zuciyata na tafasa, na kama kaina ina lissafi: kuɗin magani kaza, dare kaza, 'ya'yanta maza biyu ko waya ba sa kira. Ashe duk tsawon lokacin nan littafin bashi nake riƙe da shi, irin na mai kanti, ina rubuta kowane alheri ina jiran ranar biya. Hoton tokar nan da wannan lissafi uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Sukari na iya bari, barci ma na iya bari, amma a gan ni a yaba, wannan ne ya ƙi saki. Kuɗin kuwa a cikin lalitarta aka same su, ba ta kuma tuna ta faɗi komai ba.

Uwar Inna ta yi jinya a Amanawa, can hanyar Dange, lokacin da Turawan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) ke riƙe da asibitin kutare, aikin da suka karɓa tun ƙarshen shekarun 1930. Inna takan ba da labarin tun tana da lafiya. Turawan suna da nasu hali, ba ta ɓoye ba. Amma wanda ta fi ambato wani ɗan ƙasa ne mai wankin miki, shi ma tsohon majinyaci, da yake kwance tsummokaran da kowa ke toshe hanci a kansu. Ko sunansa ba ta riƙe ba. Yanzu in na durƙusa gaban robar nan shi nake tunawa.

Inda kake da gaskiya, kana da ita, ba zan hana ka ba. An daɗe ana amfani da wannan aya ana danne mutane, musamman mata. Matar da miji ke duka a ce mata ta yi haƙuri gicciyenta ne. Ma'aikacin coci a hana shi albashi a ce hidimar Ubangiji ce. Ayar ta ce mutum ya ɗauki nasa, ba ta ce ya ɗora wa wani ba, kuma na lura masu yawan wa'azin ƙin kai ga talaka ba su cika rama ba. Ƙin kai kuma ba ƙin jinin kai ba ne. Wanda ya ce a ƙi kai shi ne ya yi barci a kan matashi cikin jirgi ana hadari, shi ne ya ce wa almajiransa su zo gefe su ɗan huta da ya ga ko sukunin cin abinci ba su da shi. Da na gane haka da wuri, da uwargida ba ta yi wata uku tana tashin dare ita kaɗai ba. Hutun da kake mini wa'azi a kai, ita ta fi ni bukatarsa, kuma ba za ta same shi ba sai wani ya rasa nasa.

Kai ɗin ma ban yarda da kai ba. Wa yake kwana a tsaye a gidan tsofaffi yana wanke iyayen wasu, ya fito cikin sanyi ya jira bas, ƙarshen wata ya turo kuɗin makarantar 'ya'yan marigayi yayansa? Bakinka na cewa kowa ya ji da kansa, hannunka na yin wani abu dabam. Ina jin gajiya ce ta yi magana a saƙon nan, da kuma ciwon cewa waɗanda kake yi dominsu sai buƙata ta taso suke tunawa da lambarka. In haka ne, to littafin kantin nan kai ma kana da irinsa. Ban ce ka ci gaba da biyan duk abin da aka ɗora maka ba, wasu buƙatun a'a ce maganinsu. Na dai san nauyin littafin ya fi na aikin.

Jiya Lahadin ganyen dabino, yara sun dawo da nasu sun saƙa gicciye sun rataya wa Inna a bakin gado. Ran Alhamis za a yi wankin ƙafa, kuma katikis ya sa sunana cikin mutum goma sha biyun da Fada zai wanke wa. Tun da aka faɗa mini nake goge faso da dutse ina shafa mai, kada a ga kaushina a gaban jama'a, ka ji halin dai bai mutu ba. Uwargida ta ce ran nan ita za ta riƙe wayar.

Maganin hawan jinin da ka aiko ya iso, mun gode ƙwarai, Allah ya ƙara buɗi. Kilishinka na nan na sa a yi, sai an sami mai tafiya. Ka gaida madam, ka shafa mini kan yara, ka ce wa babban ina jiran Hausar da ya yi mini alkawari. Ga Inna can tana kira, da sunan wancan ɗin dai, bari in je.

Naka har kullum,
abokinka na Mabera.