Kada ka aiko mani da babban

Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin Amurka? Mu nan hunturu ya sauka, leɓe duk ya tsage, da safe ko hasumiyar Gobarau ba a hangowa don hazo. Hajiya tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko sai ta'aziyyarta za ka zo. Na dai isar da saƙo, amsa tana wajenka.

Maganar murhun gashin nan da ka ce za ka jefa mani cikin kwantenar motarka. Na gode, Allah ya bar zumunci. Amma don girman Allah kada ka sayi babban. Na san halinka tun muna firamare, in ka shiga kanti wanda ya fi kowane girma za ka nuna da yatsa.

Da ka turo hotunan ta WhatsApp, uwargida ta leƙo wayar ta ce, "Wannan ai randa ce aka yi wa murfi." Kuma ba ta kauce da nisa ba. Gasasshen yumɓu ne mai kauri, ɗan'uwan tanderun masu gurasa. Sunan ma da kuke kiransa, kamado, da harshen Japan murhu yake nufi, shi kuwa kamfanin Big Green Egg na garinku Atlanta tun 1974 yake sayar da shi. Wato abin da kakanninmu suka sani ne aka shafa wa kore aka ɗora masa kuɗi. Inda suka fi mu shi ne ƙofofin iska, ɗaya a gindi, ɗaya a kan murfi. Ka buɗe su wuta ta tashi, ka rage su ta kwanta nama ya yi ta nuna a hankali, ka rufe su ruf ta mutu, ragowar gawayin ya jira ka gobe.

Ka san ni da gwaje-gwaje. Na samu tsohon kwalin firji, na karɓi tef wajen telan bakin layinmu, na yanka faifai huɗu daidai faɗin ragar kowane ɗaya kamar yadda ka rubuto: santimita 33, da 38, da 46, da 61. Ran Juma'a da aka yanka kaji biyu, na sa aka tsaga su ta baya aka baje, na shimfiɗa leda na yi ta jera su a kan faifan, yara na kewaye da ni suna dariya. A kan na 33 kaza ɗaya ta cinye wurin, ko albasa babu inda za a ajiye. A kan na 38 duka biyun sun zauna, a matse dai, kamar fasinjojin gaba a motar Jibiya. Na 46 ya ɗauke su har da sararin tsinken tsire biyar ko shida. Na 61 kuwa, kajin sai suka zama kamar marayu a filin idi.

To mu nawa ne a gidan? Ni, da uwargida, da yara uku, da Hajiya wadda haƙoranta suka yi ritaya, sai dai a gasa mata hanta. Kaji biyu sun ishe mu har a miƙa wa maƙwabta.

Sai tsakar gida, wadda ita ce ainihin matsalar. Ka tuna ta, mita 4 ne da mita 3, kuma tun tafiyarka ba ta ƙara ko taku ɗaya ba. A ciki akwai randa, da turmi, da igiyar shanya, da keken autana, da bedin nan da Hajiya ta hana a sare. Faifan da na yanka faɗin raga ne kawai. Jikin murhun ya fi haka, ga ƙafafunsa, ga 'yan teburan da ake maƙala masa a gefe. Murfin kuma baya yake kwantawa in an ɗaga, don haka ba a manna shi da bango, ba kuma a kai shi ƙarƙashin rumfa ko kusa da shanya. Don in gani da idona, na gangaro da tsohon duro na kafa shi inda babban zai zauna, na bar shi kwana biyu. Uwargida ta yi karo da shi sau uku a hanyar kicin. A na ukun da tukunyar miya a hannunta. Ban jira na huɗu ba na fitar da shi.

Nauyi ma abin dubawa ne. Mai faɗin 61 ya kusa kilo 100, buhun siminti biyu ke nan. Mai 46 kilo 73. Mai 38 ya ɗan haura 50, buhu ɗaya. Siminti in ya suɓuce ya faɗi sai a kwashe, wannan kuwa tukunya ce. Ka tuna kwanar da ke cikin zaurenmu, wadda sai da aka kwance gado kafin ya shiga.

Na taɓa ganin irinsa yana aiki, a gidan wani surukina a Kaduna. Shi mafi girman ya saya, don a san ya saya. Gaskiya naman ya yi daɗi, ruwansa na ciki bai tsane ba, ba kamar na kurfoti da yake bushewa ba. Amma kafin wannan ƙaton jiki ya ɗauki zafi an zuba gawayi ba kaɗan ba, an kuma yi jira, duk don cinyar rago ɗaya. Yaron gidan ya taɓa hura shi da kananzir, yumɓun ya shanye warin, aka yi kwanaki nama na ɗanɗanon fitila. Shi kansa maigidan a gabana ya fizge murfin lokaci ɗaya wuta na tsaka da ƙarfi, iska ta faɗa ciki, harshen wuta ya taso ya lashe masa gefen gemu. Ashe ɗagawa ake kaɗan-kaɗan, sau biyu ko uku, kafin a buɗe duka. Zuwana na ƙarshe na tarar da shi lulluɓe da tampol, kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinsa.

Na san abin da za ka ce: Babbar Sallah fa? Malam, rago guda ko a babban sai an daddatsa shi. Kuma layya da tsarinta. A gicciye rago da sanduna a jingina shi jikin wuta a ƙofar gida, washegari mata su kafa kaskon suya. Ba zan toshe hanyar kicin shekara guda saboda kwana biyu ba.

Saboda haka mai faɗin 38 nake so. Ka haɗo da ƙafarsa mai taya, don in riƙa tura shi lungu in an gama, da farantin yumɓun nan da ake sawa tsakanin wuta da nama, da rigarsa saboda damina da ƙura. Teburan gefe ka bar su, akwai kujerar tsugunno. In da hali ka ƙaro ƙyallen da ake liƙawa a bakin murfi, yana cinyewa, nan kuwa ba inda zan same shi. Gawayi kada ka wahalar da kanka, na ƙirya da maƙera ke amfani da shi yana nan, kuma irinsa murhun yake so, gundumi-gundumi. Na riga na ja wa mutanen gidan kunne cewa ba abin jin ɗumi ba ne, kada sanyi ya sa wani ya tura shi ɗaki, hayaƙin gawayi a rufaffen wuri kisa yake ba sallama.

Abu na ƙarshe, ɗauri. Daga tashar jiragen ruwa ta Legas zuwa nan ya haura kilomita 1,000, kuma ka san hanyar. A bar shi cikin kwalinsa na asali, a ciro kayan cikin a naɗe kowane daban, a rubuta wa direba da manyan baƙi cewa abin fashewa ne. A'a, kada a rubuta haka, sojojin hanya za su sauke mana kaya. A rubuta tukunya.

Ka gaishe da maiɗakinka da yara. Ka gaya wa takwarana kazar farko tasa ce in ya zo hutu.

Naka har kullum,
Amininka na Ƙofar Ƙaura.