Wasiƙa daga Garwa: Leinster ta ɗauki kofin gida na zari-ruga a 2025, na Turai ya sake kuɓuce mata

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaisuwa gare ka da abokan aikinka, da fatan damina ta same ku lafiya.

Ni mai gidan kallon ƙwallo ne a unguwar Yelwa, cikin Garwa, nan arewacin Kamaru. Benci goma sha biyu gare ni, talabijin biyu, da ɗan janareta wanda ya fi ni tsufa a sana'ar. Kuɗin shiga dala ashirin ne, wato sefa 100, yaran unguwa kuma rabinsu bashi suke kallo. Jaridarku a waya nake karanta ta kullum bayan asuba, kafin in share ɗakin. Ƙorafina guda ne: shafinku na wasanni daga Arsenal sai Madrid, daga Madrid sai Barcelona, kamar Allah bai halicci wata ƙwallo ba sai mai zagaye. To ga labarin wata ƙwallon mai siffar ƙwai, wato zari-ruga, na rubuto muku da hannuna tunda ba wanda zai rubuta.

Zari-ruga na fara ganinta tun shekarun baya a tashoshin Faransa, lokacin Serge Betsen, haifaffen Kumba ta nan ƙasarmu, yana buga wa Faransa. A lokacin kallon kokawa nake yi mata kawai. Sai da ɗan yayata ya tafi aikin jinya Dublin, babban birnin Ailan, ya aiko mini da shuɗiyar rigar Leinster, ya dinga kirana yana koya mini dokokin, sannan na gane akwai lissafi a cikin wannan turereniyar. Mutum 15 ne kowane ɓangare, minti 80. Ba a jefa wa abokin wasa ƙwallo gaba da hannu, sai baya ko gefe. Wanda ya kai ta bayan layin abokan hamayya ya dangwala ta a ƙasa ya ci maki 5, a ba shi bugu tsakanin sanduna na ƙarin maki 2. Bugun laifi kuwa maki 3 ne. Ku riƙe wannan maki 3 ɗin, za mu dawo kansa.

Ailan ƙungiyoyin ƙwararru huɗu gare ta, kowacce ta lardi guda: Leinster, Munster, Ulster da Connacht. Duk shekara tukwane biyu suke ɗorawa a murhu. Na farko gasar URC, mai ƙungiyoyi 16: huɗu na Ailan, huɗu na Wels, biyu na Sikotlan, biyu na Italiya, huɗu na Afirka ta Kudu. Ita nake kira kofin gida, ko da yake gidan ya yi faɗi har Pretoria. Na biyu kofin zakarun Turai, inda ake haɗuwa da manyan Faransa da Ingila. Shi ne abin da mutanen Leinster ke kwana da shi suna tashi da shi. Sau huɗu suka ɗauke shi: 2009, 2011, 2012 da 2018. Taurari huɗu kenan a rigar da nake sawa ranar wasa. Tauraro na biyar ya zame musu ƙarfen ƙafa.

Ku duba abin da ya same su. A 2022 sun je wasan ƙarshe a Marseille, La Rochelle ta kayar da su 24 da 21 a mintin ƙarshe-ƙarshe. A 2023 suka sake haɗuwa, wannan karon a Dublin, a gaban iyayensu. Kafin a yi minti 15 Leinster na da 17, La Rochelle ba ta da ko ɗaya. Aka tashi 27 da 26, kofi ya hau jirgi zuwa Faransa. Abin da ya ƙara wa miyar gishiri, mai horar da La Rochelle, Ronan O'Gara, ɗan Ailan ne, tsohon ɗan wasan Munster, wato kishiyar Leinster ta haihuwa. A 2024 kuma Toulouse ta gama da su 31 da 22 a Landan bayan ƙarin lokaci. Wasan ƙarshe uku a jere, hannu rabbana.

Saboda haka kakar 2024 zuwa 2025 suka shigo ta da shirin yaƙi. Leo Cullen na nan a matsayin babban mai horarwa, ga Jacques Nienaber a gefensa, mutumin da ya ci wa Afirka ta Kudu kofin duniya a 2023. Suka ɗauko RG Snyman daga Munster, wani zabgege da sai ka ɗaga kai kafin ka ga gemunsa. Suka ɗauko Rabah Slimani daga Faransa. Suka kuma aro Jordie Barrett daga Niyu Zilan na kimanin wata shida. Duk wannan ƙari ne a kan ƙungiyar da dama ita ce ƙashin bayan tawagar ƙasar Ailan. Filinsu na RDS ana gyara shi, sai suka koma buga wasannin gida a Aviva da Croke Park. A watan Oktoba na 2024 mutum fiye da dubu 80 suka shiga Croke Park don ganin su da Munster, wasan mako kawai, ba na kofi ba.

Gasar gida ba zan ɓata muku tawada a kanta ba. Wasa 18, suka ci 16, suka ƙare a saman teburi, kuma da yawa daga cikin wasannin da yara suka buga su, manyan na hutawa ko suna wajen tawagar ƙasa. Can haka tsarin yake, hukumar zari-ruga ta ƙasar tana da ta cewa kan yawan wasan da manyan 'yan wasanta za su buga, don kada a tatse su kamar saniyar talaka.

A Turai ma haka aka fara. Watan Afrilu suka yi wa Harlequins 62 da nema. Mako na gaba suka yi wa Glasgow 52 da nema. Maki 114 a wasa biyu, ba a ci su ko ɗaya ba. A daren na kira ɗan yayata ina ta cika baki. Ya ce da ni, “Kawu, ni fa tsoro nake ji.” Na ce tsoron me, yaro? Ya ce mutanen nan sun daɗe ba wanda ya mare su, ba su san yadda za su yi ba ranar da aka mare su. Na yi masa dariya, na ce sanyin ƙasar Turawa ya kashe masa zuciya.

Ranar Asabar 3 ga Mayu, 2025, wasan kusa da na ƙarshe, Northampton ta Ingila ta zo Aviva. Na ware talabijin ɗaya, ƙaramar, na juya benci uku wajenta. Mu tara ne: ni, da yara biyar da suka shigo don inuwa da fanka, da wasu 'yan acaɓa biyu, da wani dattijo mahauci wanda tun da ya ga turereniyar farko a ɗakina ya ce wannan ne wasan maza. Zafin Garwa na watan Mayu ba sai na faɗa muku ba, hadari na haɗuwa yana watsewa, rigar Leinster ta manne mini a baya.

Da aka nuna sunayen masu farawa, ba Barrett. Yana benci. Dattijon ya juyo ya ce, “Alhaji, ba wannan ne kuka ce an ɗauko daga bangon duniya ba? An sayi ingarma don hawan salla, ranar salla an ɗaure shi a turke?” Na ce masa dabara ce, za a sako shi idan abokan hamayya sun gaji. Ni kaina ban yarda da abin da bakina ya faɗa ba.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa a jikin wannan ƙungiya ba. Tsaron Nienaber salonsa shi ne a taso wa mai ƙwallo a guje, gaba ɗaya kamar ƙudan zuma, a shaƙe shi kafin ya ɗaga kai. In ya yi aiki, sai ka ga 62 da nema. In kuwa abokin hamayya ya iya fitar da ƙwallon gefe da sauri, sai ya tarar da fili fetal kamar bakin Binuwai da rani. Northampton ta karanci wannan tsaf. Tommy Freeman shi kaɗai ya dangwala sau uku kafin hutu. Wani yaro ɗan shekara 20, Henry Pollock, ya ratsa tsakiyarsu ya kewaye Sam Prendergast na Leinster kamar ya kewaye turmi. Aka tafi hutu 27 da 15. Muka fita muka yi magariba, muna idarwa aka ɗauke wuta. Na ja igiyar janareta sau bakwai, yana tari yana mutuwa, yara na haska mini da waya. Kafin hoto ya dawo an sako Barrett, an fara ramuwa.

'Yan Leinster sun yi ƙoƙari, ba zan ci amanarsu ba. Suka matso har 37 da 34. Kyaftin ɗinsu Caelan Doris ya ji ciwo a kafaɗa a wasan nan, ciwon da ya cinye masa sauran kakar. To a mintunan ƙarshe sai suka sami bugun laifi a yankin Northampton. Ga maki 3 a ajiye, a buga tsakanin sanduna a yi kunnen doki, a tafi ƙarin lokaci, a gida, ga benci cike da manya. Suka ƙi. Suka ce su maki 5 suke so. Ƙwallo ta kuɓuce, alƙali ya busa. Dattijon nan ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya ce, “Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare,” ya ajiye mini dala ashirin ɗinsa a kan benci ya fita. Northampton ɗin ma da ta je wasan ƙarshe a Cardiff, Bordeaux ta doke ta 28 da 20.

Ra'ayina, Malam Edita, ba ƙarfi Leinster ta rasa ba, ba kuɗi ba, ba 'yan wasa ba. Da aka zaɓi tawagar Lions, ta haɗin gwiwar Birtaniya da Ailan, mai zuwa Ostareliya kwanaki kaɗan bayan wannan kaye, mutum 12 aka ɗiba daga cikinsu. Abin da ya ci su shi ne sabo da sauƙi. Wanda duk mako yake cin 40, 50, in aka ce masa ga 3 ka ɗauka, sai ya ga kamar an raina shi. Ajiye Barrett a benci da ƙin bugun nan duk ciwo ɗaya ne: sun riga sun fara tunanin Cardiff tun suna Dublin. Ɗan yayata ya gani tun watan Afrilu, ni da na girme shi da shekara ashirin ban gani ba. Na kira shi na ba shi haƙuri, abin da kawu ba ya yawan yi.

Mu mutanen Garwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garinmu, ta ɗauki kofin Kamaru fiye da sau 15, har ya zama in ta ɗauka ba wanda ke fita da babur yana hon. Amma ku tambayi duk wanda ya kai shekara talatin da biyar a garin nan game da Nuwamban 2008. Al Ahly ta ci mu 2 da nema a Alƙahira, ta zo filinmu na Roumdé Adjia aka yi 2 da 2, ta ɗauki kofin zakarun Afirka a gaban idonmu. Ina cikin filin ran nan, na rufe shago tun azahar. Mun ci kofin gida sau da yawa bayan haka, kuma har gobe in hira ta yi hira wancan yammacin ake komawa. Shi ya sa da na ga fuskokin mutanen Dublin a talabijin na gane su kamar maƙwabtana.

Sauran kakar, suka koma kan tukunyar da ta rage. Suka fitar da Scarlets, suka fitar da Glasgow mai riƙe da kofin, sai wasan ƙarshe da Bulls ta Pretoria a Croke Park, 14 ga Yuni, mako guda bayan babbar salla. Ranar ɗakina ya fi cika, mun kai ashirin, kuma duk suna bayan Bulls, wai 'yan Afirka ne 'yan uwanmu. Ni kaɗai ne da shuɗiyar riga, ina cin soyayyen naman layya daga leda. Wannan karon Barrett ya fara tun busar farko, ya kuma dangwala. Jack Conan, wanda ya karɓi kyaftin a madadin Doris, shi ya buɗe. Kafin hutu 19 da nema. Abin da ya fi burge ni ba makin ba ne. Gab da hutu Bulls suka tare a bakin layin Leinster suna ta dannowa, ƙarti masu wuya kamar turmi, sau nawa ban ƙirga ba, aka hana su taku ɗaya. Bayan hutu kuma da aka sami bugun maki 3, aka buga shi ba gardama. Aka tashi 32 da 7. Kofinsu na farko tun 2021, kuma na farko tun da ƙungiyoyin Afirka ta Kudun nan huɗu suka shigo gasar. Su Bulls wasan ƙarshe na uku kenan da suka rasa cikin shekara huɗu, su ma suna da nasu ƙarfen ƙafar.

Ɗan yayata ya ce a can ana ta musu, wasu na cewa kakar ta yi kyau, wasu na cewa asara ce tunda ba don wannan kofin aka aro Barrett ba. Ni ina ganin masu raina kofin ba su taɓa zama shekara huɗu hannu wofi ba. Na yi murna, na yafe wa yara bashin ranar. Amma da na cire rigar da daddare na rataye ta, taurarin na ƙirga, huɗu ne dai.

Roƙona gare ku, ko layi goma ne a mako ku ba zari-ruga a shafin wasanni, musamman yanzu da ƙungiyoyin nahiyarmu ke cikin gasar. In ba ku da mai rubutawa, ni zan dinga aiko muku da sakamako duk Litinin, ba na son ko sisi. Dattijon mahaucin ma ya ce in gaya muku, in za ku buga, ku sa hoton turereniyar, shi abin da yake son gani kenan.

Na gode. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Mai gidan kallo, unguwar Yelwa, Garwa, Kamaru