Maiƙon miya dabam, maiƙon da sankara ke aike da shi dabam

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi tsokaci kan wata magana da ta karaɗe zangonninmu na Kumasi, wai idan mai sankara ya daina cin mai, cutar za ta mutu da yunwa. Wata gwaggona a Aboabo, wadda likitoci suka tabbatar tana da sankarar mama, ta ji haka daga bakin wani mai tallar magani a lasifika, sai ta haramta wa kanta manja da man gyaɗa. Cikin wata uku zobenta ya fara zamewa daga yatsa, ƙullutun kuwa yana nan daram.

Maganar tana da tushe, sai dai an murɗe ta. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana lulluɓe da fata ta maiƙo, kuma wani ɓangare na maiƙon nan ɗan aike ne. Akwai sinadarin PI3K da ke mayar da maiƙon PIP2 ya koma PIP3, wanda shi ke sanar da ƙwayar cewa ta girma ta hayayyafa, sannan wani sinadarin, PTEN, ya mayar da shi yadda yake, saƙon ya tsaya. Idan PI3K ya samu tangarɗa ya ƙi dakatawa, ko PTEN ya lalace, sai ƙwayar ta yi ta rabuwa babu birki. Jiki da kansa yake ƙera wannan maiƙon, saboda haka ƙaurace wa miya ba ya ko girgiza shi.

Lewis Cantley da abokan aikinsa ne suka gano PI3K a Amurka cikin shekarun 1980, amma sai a 2019 hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta amince da alpelisib, ƙwayar maganin da ke toshe shi, domin wani nau'in sankarar mama. Ba kowace mace ake ba wa ba, sai an gwada an ga tangarɗar tana cikin gadon halittar PIK3CA, wanda daga gare shi ake ƙera wani sashe na PI3K. Kuma da yake insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, shi ma wannan hanyar yake bi, maganin yana ta da sukarin jini, abin da ba na wasa ba ne a zangon da ciwon sukari ya riga ya yi wa katutu.

Roƙona ga Ma'aikatar Lafiya shi ne a sauƙaƙa wannan gwajin a asibitocin Komfo Anokye da Korle Bu tun kafin a fara zancen shigo da maganin, domin a ganina ƙwayar da ba gwaji asarar sidi ce kawai ga iyalan da dama aljihunsu ya riga ya kaɗe.

Gwaggo dai ta koma cin miyarta da mai bayan likita ya yi mata nasiha, kuma ana ci gaba da yi mata ƙarin ruwan maganin sankara. Muna barar addu'ar masu karatu.

Naku,
Wani mai karatu daga Aboabo, Kumasi