Zuwa ga mutumina, kan batun kwamfutar da ka bar mini

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya karatu, ya zaman Malesiya? Inna na gaishe ka, ta ce in tambaye ka wai a can ana samun daddawa kuwa, don a hoton da ka turo duk ka rame. Wata huɗu ke nan ka ji ni shiru, kuma na san abin da ka raya: na sayar da kwamfutarka na cinye kuɗin. Wallahi ban sayar ba. Akwai ma roƙon da ya sa na ɗauki biro, amma bari in fara amayar da abin da ya hana ni magana.

Allon ya fashe. Bayan damina da za a yi wa ɗakina yaɓe, muka fito da kaya tsakar gida, sai jar akuyar nan ta Inna, wadda ta taɓa cinye maka takardar jarrabawa, ta haye tebur. Kada ka ce komai, an riga an yanke mata hukunci ranar sunan gidan Yaya, kuma na ci rabonka.

Na shiga Kano, na je Beirut Road na taya sabo, na ji kuɗi, na dawo hannu rabbana. Sai wani yaro mai gyara a wajen ya ce mini, "Yallaɓai, wayar da ke hannunka ba allo ba ce?" Shi ya nuna mini manhajoji biyu, duk kyauta: Sunshine a kan kwamfuta, Moonlight a kan waya. Kwamfutar ce ke ɗaukar nauyin wasan bidiyon, ta matse hoton ya zama bidiyo ta aiko wa wayar, abin da ka danna kuma ya koma mata. Da can Nvidia, mai ƙera katin hoton kwamfuta, na da irin nata mai suna GameStream, ta daina shi a 2023, shi ya sa jama'a suka koma wannan. Na aro talabijin ɗin Kawu, na jona, na saita komai, na shigar da lambobi 4 da wayar ta ba ni, sai ga FIFA a tafin hannuna. Har rawa na yi. Na mayar wa Kawu kayansa, na dawo na kunna, baƙi ƙirin.

Mako biyu ina wannan wahala. In na aro talabijin ta yi, in na mayar ta mutu. Sau uku ina sallama a ƙofar Kawu, a na ukun ya ce ko dai in biya sadaki in tafi da ita gaba ɗaya. Na goge Sunshine na sake sawa, na zargi rauta, akwatin da ke raba Wi-Fi, na zargi Auta har ya yi kuka. Ashe katin hoton da ke cikin kwamfuta ba ya zana komai sai ya ji akwai allo a jikinsa. Kowane allo, ta wayar HDMI, yana gaya wa kwamfuta sunansa da girman hoton da zai iya ɗauka. In ba wanda ya yi wannan bayani, ba hoto, to me Sunshine zai kwaso ya aiko? Maganin kuwa wani ɗan toshe ne, bai kai babban yatsa ba, ba waya ba komai, aikinsa kawai ya yi wa kwamfuta ƙarya cewa shi allo ne. Na cusa shi a bayanta, nan take hoto ya fito. Na daɗe zaune ina kallonsa. Duk tsadar injin nan da kake mana kuri da shi, ɗan abin da bai kai kuɗin kaza ba ne ya yaudare shi.

Af, mai gidan kallon ƙwallo ya ƙara aure, kuma ka san wace ce. I, ita. Kujerarka ta gaba kuma wani ya gaje ta, shi ma ɗan Arsenal ne, haushi ɗaya kuke ba mutane.

To a cikin gida abin ba laifi, ta Wi-Fi yake bi, ko sisi ba ya ci. Amma ni burina in buga daga fadama, tunda bana ni ke kwana wajen injin ban-ruwa muna jiƙa albasa a bakin kogi. Nan ma sai da na sha fama. Layin waya ba ya ba kowa adireshinsa na kansa a intanet, mutane da yawa ke raba guda kamar gidan haya, don haka daga waje ba ka iya samun kwamfutar. Wata manhaja mai suna Tailscale ce ta raba gardama, na sa ta a duka biyun, suka ga juna kamar suna ɗaki ɗaya.

Yanzu abin da ke hana ni barci data ne. Na sauke ingancin hoton zuwa 720, na rage gudun zuwa megabit 5 a daƙiƙa, duk da haka awa guda tana lashe giga 2 da kwata a rautar gida, ta kuma lashe wani haka a wayata. Giga 4 da rabi, mutumina, don in ci kwamfuta ƙwallo a gindin mangwaro! Ga jinkiri: in sabis ya yi rauni, kafin ɗan wasana ya ji na ce ya buga, an ƙwace. Sai bayan ƙarfe ɗaya na dare take lafawa. Kai kuwa kada ma ka yi mafarkin bugawa daga can, kafin saƙonka ya ƙetaro teku an tashi wasa.

Na shiga BIOS, wato saitin tashin kwamfutar, na saita ta yadda da wuta ta dawo za ta tashi da kanta, don batirin sola yakan gaza da asuba. Wannan ya jawo mini magana. Inna ta ji akwati na gurnani a ɗaki a kulle, ba kowa ciki, ga shuɗiyar wuta na leƙowa ta ƙarƙashin ƙofa. Da na dawo da safe na tarar an turara ɗakin da habbatussauda, Baba na zaune yana jirana. Na yi bayani iya bayani, abin da ya kama kawai shi ne ita ke kashe masa fanka. Yanzu an yi sulhu: daga magariba zuwa sha ɗaya wutar tasa ce.

Ƙurar hunturu ma ta fara toshe mata fanka, duk Juma'a sai na buɗe na kaɗe da gashin kaza. Albasa ta yi kyau, sai dai Allah ya kawo kasuwa. In za ka taho hutu ka riƙo mini abin bugawa mai maƙala waya, yatsuna sun gaji da gilashi, kuma za mu cire kuɗin daga na allon da nake ganin ba za ka tambaya ba.

Ka gai da ɗan Gumel ɗin nan da kuke ɗaki ɗaya.

Naka,
mai gadin albasa